Likitan Ɗakin Gyambo

An yi wani bawan Allah a wani gari, ba sai na kama sunan garin ba, tun zamanin da babban asibiti ɗaya ne tak a duk lardin. Sunansa Tasi'u. Sabon likita ne, ya gama makaranta, aka ɗauke shi horon ƙwarewa a hannun manyan likitoci. Ku matso kusa, jama'a, labarin nan ba na likitoci kaɗai ba ne.

Tare aka ɗauke shi da abokin karatunsa, Nafi'u. Shi Nafi'un nan, a makaranta ba a taɓa shan gabansa ba, kowace jarrabawa shi ne a sama. Tasi'u kuwa can tsakiya yake, ba yabo ba fallasa. Saboda haka ranar da suka saka farar riga suka shiga asibitin, Nafi'u bai ma lissafa da shi ba.

To amma asibiti ba aji ba ne. Ba a jima ba marasa lafiya suka fara tambaya, "Ina likitan nan mai zama a bakin gado?" Don shi Tasi'u in ya zo wurin majinyaci, zama yake yi, ya gaishe shi, ya bar shi ya gama bayaninsa. Ma'aikatan jinya in abu ya taso, shi suke nema. Har babban likitan tiyata, Dakta Gwadabe, mutumin da bai iya yabo ba, wata safiya ana zagayen duba marasa lafiya ya juya ya ce, "Tasi'u, gobe kai za ka tsaya kusa da ni a ɗakin tiyata."

Ku saurara! Maganar nan ba a ƙwace wa Nafi'u komai da ita ba. Rigarsa na jikinsa, iliminsa na kansa, lokacinsa ma na zuwa. Amma tun daga ranar bai ƙara samun sukuni ba. In ya ji an ce "Tasi'u", sai ƙirjinsa ya yi nauyi. In Tasi'u ya yi masa murmushi, sai ya ga kamar dariya yake yi masa. Yana ta faɗa a ransa, "Wannan da nake koya wa karatu? Wannan?"

Sai ya sami Dakta Gwadabe shi kaɗai a ofis, ya rusuna ya ce, "Ranka ya daɗe, ba na son kawo magana, amma ka san abin da ya sa marasa lafiya ke son Tasi'u? In ka ce a yi wa mutum aiki, shi sai ya zagaya ya ce masa ba lallai ba ne, wai kai saurin ɗaukar wuƙa gare ka."

Ƙarya ce tsagwaronta. Amma Dakta Gwadabe mutum ne mai zafin zuciya, bai bincika ba. Washegari ya cire Tasi'u daga tiyata, ya tura shi ɗakin gyambo.

Kun san ɗakin gyambo? Can ƙarshen asibiti yake, inda ake kwantar da masu miki da ya ƙi warkewa, masu ƙuna, masu ciwon sukari da ƙafa ta ruɓe. Tun daga baranda wari ke tarbar mutum. Likita ba ya yin suna a can. Tasi'u ya ce, "To, ranka ya daɗe," ya ɗauki abin awonsa ya tafi. Bai yi gardama ba, bai kai ƙara ba.

Nafi'u ya sami gurbin da yake so. Kuna tsammanin ya huta? Ina! Sai labari ya fara zuwa cewa ɗakin gyambo ya daina wari, wai mikin da ya shekara yana rufewa, wai tsofaffi na sa wa Tasi'u albarka. Nafi'u na riƙe da almakashi kusa da babban likita, amma hankalinsa na can ƙarshen asibiti. Yana cewa, "Ko a juji aka jefa shi sai an yabe shi?"

Ana nan, aka kawo mahaifiyar Nafi'u daga ƙauye, Inna Dije. Ciwon sukari ya ci mata ƙafar dama, ta ɓoye har ta yi baƙi. Dakta Gwadabe ya duba ya ce a yanke daga gwiwa. Tsohuwa ta fashe da kuka. Kafin ranar aiki kuwa ba inda za a kwantar da ita sai ɗakin gyambo.

Nafi'u ya tsaya a bakin ƙofa. Ya san abin da ya shuka.

Tasi'u ya durƙusa gaban gadon ya ce, "Sannu, Inna. Bari in ga ƙafar." Ya kwance tsumman da hannunsa, ya daɗe yana dubawa. Sannan ya tafi wurin mutumin da ya kore shi, ya ce, "Ranka ya daɗe, jini na zuwa har idon sawu. Ka ba ni dama in gwada wanki. In na ga tana hawa sama, ni da kaina zan zo in gaya maka." Dakta Gwadabe ya harare shi, ya koma ya sake dubawa, ya ce, "Gwada."

Safe da yamma Tasi'u na kan ƙafar nan. Yana wankewa, yana cire mataccen nama, yana lallashin tsohuwa in ta yi ƙara. A ƙarshe yatsu biyu kawai aka cire. Inna Dije ta taka ƙasa da ƙafarta.

Ranar sallama ta kama hannun Tasi'u ta ce, "Ɗan nan, Allah ya yi maka albarka, Allah ya jiƙan mahaifanka." Ta yi ta yi. Nafi'u na tsaye. Kuma wallahi, jama'a, ko a lokacin sai da ya ji abin nan ya soke shi, wai uwarsa na sa wa wani albarka a gabansa. Nan ne ya tsorata da kansa. Ya ce, "Inna lillahi, har nan ciwon nan ya kai ni?"

Ya bi Tasi'u baranda, ya ce, "Ka san wanda ya sa aka kawo ka nan?"

Tasi'u ya ce, "Na sani. Tun ranar Dakta Gwadabe ya faɗa mini."

"Kuma ka yi shiru? Kuma ka riƙe mini uwa haka?"

Ya ce, "Nafi'u, ba Inna ce ta kai ni ba. Kuma da farko na ji zafi, ba zan ɓoye maka ba, har na yi kwanaki ba na son ganin fuskarka. Sai na roƙi Allah ya cire mini, don ba zan iya wanke mikin mutane da zuciya mai ƙiyayya ba. Je ka kama mata kaya, mota na jira."

Nafi'u ya je ya faɗa wa babban likita gaskiya. Aka kira Tasi'u ya koma tiyata, ya koma, amma zangon horon tiyata da ya wuce shi ya riga ya wuce, sai da ya gama horo bayan takwarorinsa. Ba a taɓa jin ya ambaci maganar ba.

To ku ji, 'yan'uwa. Mai hassada ba ya hutawa, ko an ba shi abin da ya nema. Mai haƙuri kuwa ba cewa aka yi ba ya jin zafi ba, yana ji, amma ba ya rama shi a kan wanda ya faɗo hannunsa. Kai da aka ɗauke ku aiki tare da wani, ke da kuka buɗe shago a layi ɗaya da wata, ku bincika zukatanku yau. In an yabi ɗan'uwanka ka ji ƙirjinka ya yi nauyi, ka sani ciwo ne ya kama ka, ka nemi magani tun bai kai ka ga ƙarya ba. Ka buɗe baki ka yi masa addu'ar ƙari, ko da zuciyarka ba ta so. Allah ya wanke mana zukata.