Dubu Goma da Mutum Bakwai

A zamanin da, an yi wani sarki mai zafin rai wanda ya yi mafarkin rundunarsa ta watse. Da gari ya waye sai ya ba da umarni: ranar Juma'a dakarunsa su tsaya sahu-sahu daidai wa daida, kada ko mutum ɗaya ya yi saura. Aka ƙirga su, dubu goma ne da mutum bakwai.

Aka kira Malam Mantau, masanin hisabi na fada, aka ɗora masa aikin. Ya zauna a zaurensa yana zane a ƙasa. Ya raba biyu, saura ɗaya. Ya raba uku, saura biyu. Ya bi lambobi ɗaya bayan ɗaya har ɗari, kowacce ta bar saura. Gumi ya jiƙe masa riga, don ya gane adadin nan irin wanda ba ya rabuwa ne.

Ranar Alhamis ya durƙusa gaban sarki, ya ce: "Allah ya ja zamaninka, wannan adadi ba ya rabuwa."

Sai Waziri Gambo ya gyara zama. "Ranka ya daɗe, sahu ɗari na mutum ɗari-ɗari ai dubu goma ke nan. Bakwai ɗin da suka yi saura su ne munafukan mafarkinka. A sare su." Ya karanto sunayensu. Na farko shi ne Tunau, shugaban maharba, ƙanin Malam Mantau uwa ɗaya uba ɗaya.

Malam Mantau ya waiwaya. Ya ga hauni ya miƙe yana shafa takobi. Sai malamin ya soma zane a kan yashin fada. Ragewa ake so a yi. To, in an ƙara fa?

"Zaki, a yi mini aikin gafara," ya ce da ƙyar. "Ba yawa suka yi ba, mutum ɗaya suka rasa. In ka shiga cikinsu, za a sami sahu saba'in da biyu, kowanne mutum ɗari da talatin da tara."

"In ka yi kuskure fa?" in ji sarki.

"Sai a fara da wuyana."

Ranar Juma'a sarki ya taka da ƙafarsa ya tsaya a sahun gaba. Aka yi ta ƙirga har rana ta take. Can mai shela ya ɗaga murya: babu saura!

Sarki ya sa aka binciki sunayen nan bakwai, aka tarar duk waɗanda suka taɓa kai ƙarar zaluncin waziri ne. Nan take aka warware wa waziri rawani, aka kore shi daga ƙasar.

Shi kuwa Malam Mantau, da ya yunƙura zai yi godiya, ƙafafunsa suka ƙi ɗaukarsa. Tunau ne ya goya shi har gida.