Zauren da Badaru Ya Rushe Kafin Ya Tafi Italiya

Akwai wani ɗan kwangila a Daura mai suna Badaru, a zamanin Udoji, lokacin da kuɗin fetur suka fara yawo a ƙasa. Jiya-jiyan nan yake tallan kananzir a kwalba, sai ga shi da injin buga bulo da farar Fijo. To, samun wuri! Tun daga nan komai na garin ya fara yi masa wari. Fura ƙauyanci, tabarma ƙauyanci, ginin ƙasa kuwa kada ma ka yi masa zancensa.

Wata rana ya ga kalanda a wani ofis a Kano, da hotunan zane-zanen Italiya. Ya dawo ya ce shi fa sai ya je hutu can. Mutumin da ko Zinder bai taɓa leƙawa ba, balle ya sauke farali.

Ya nufi abokinsa Mainasara, malamin firamare a Sandamu, wanda ya taɓa yi wa Italiyawa masu aikin hanya tafinta.

"Ka shirya mini tafiya, in je in ga zane na gaske," in ji Badaru. "Na gaji da kallon kwaɓen laka."

Mainasara mutum ne mai haƙuri. Shi ya raka shi Kaduna neman fasfo, ya kai shi aka yi masa allurar rigakafi, ya jera masa garuruwan da zai bi. Sannan ya aika wa wani injiniya Buruno, tsohon maigidansa da ya koma Roma, wasiƙa cewa ya sauki baƙon.

Ana cikin haka Badaru ya ce kafin ya tashi sai an rushe zauren gidansu, a yi na bulo da kwano. Zauren nan marigayi babansa ya sa aka gina. Magini Ɗantsoho ne ya yi ɗaurin gugar rufinsa, ya zana fuskar zauren da hannu, har zankwayen da ke samansa. Duk unguwar da shi ake kwatance.

Mainasara ya ce, "Badaru, don Allah ka bar shi sai ka dawo. Na taɓa kawo Buruno ya gai da Baba, ya fi awa guda a zauren nan yana ɗaga kai."

Badaru ya ƙyalƙyale. "Dariya yake muku, kifayen rijiya!"

Ɗantsoho da kansa ya zo yana dogara sanda, don yanar ido ta fara kama shi. Ya ce, "Ɗan nan, shafen makuba kawai yake so, don ruwa. Zan shafe maka shi, ba sai ka ba ni komai ba. Shi kaɗai ya rage a cikin aikina."

"Baba, ka je ka huta. Wasan laka na yara ne."

Ka ji fa! Dattijon da ya yi goyonsa. Ɗantsoho ya juya ya tafi. Kwana biyu aka yi ana saran zauren da diga, saboda ƙarfin ginin.

Badaru ya hau jirgi a Kano cikin kwat da takalmin da ke matse masa ƙafa. Buruno ya tarbe shi a Roma da gurguwar Hausar da ya koya wurin leburori, ya yi mako yana yawo da shi. Gumakan da ba ko bante kam, Badaru kawar da kai yake yana a'uziyya. Amma abin da ya ɗaure masa kai daban ne. A wani tsohon gini ya ga mace a kan tsani, da ɗan buroshi kamar asuwaki, tana lallaɓa wani tsagaggen bango.

"Me ya hana ku rushe shi ku yi sabo? Ba ku da siminti ne?"

Buruno ya ce, "Siminti akwai. Hannun da ya yi wannan ne babu."

Ranar ƙarshe ya kai shi gidansa cin abinci. Badaru na shiga falo ya tsaya cak. Ga wani ƙaton hoto a bango, cikin gilashi: zauren gidansu, da zanensa da zankwayensa, babansa zaune a bakin ƙofa da carbi.

Buruno ya ce, "Duk wanda ya shigo nan sai ya tambaye ni wa ya yi wannan. 'Yata tana karatun zane. Baɗi zan kawo ta Daura ta gani da idonta. Zauren yana nan lafiya ko?"

 Wallahi kunya ta hana Badaru cin abincin.

Ranar da ya dawo, ko tsaraba bai raba ba, ya ja Mainasara suka tafi gidan Ɗantsoho. Ya durƙusa, abin da ya daɗe bai yi wa kowa ba.

"Baba, ka yafe mini. Ka sake gina mini shi, ko nawa ne."

Tsohon ya ɗago kai yana laluben inda muryar ta fito. Ya ce, "Na yafe maka, ɗan nan. Amma da wane ido? Yanar nan ta gama rufe shi. Waɗanda na koya wa kuma duk suna wajenka suna buga bulo."

Baɗin ta zo, Buruno ya iso da 'yarsa. Mainasara ne ya tsaya da su a gaban bangon siminti yana nuna musu da yatsa inda zanen yake a da. Badaru yana ciki, ya ce a ce ba ya nan.

Darasi: Wanda ya raina abin da ke ƙofar gidansu zai biya kuɗin jirgi kafin a gaya masa darajarsa, kuma da-na-sani ba ta tayar da bangon da aka rushe. Ku tura wa 'yan uwa, musamman wanda ya samu jiya, yau yake ganin kowa baƙauye ne.