Cinyar Rago a Gidan Gwamma

Ga ta nan, ga ta nanku, kowa ya gyara zama.

Ta zo mu ji ta, kunnuwanmu a buɗe suke.

Wata shekara aka yi fari a wani gari. Kafin sabuwar damina ta kankama, rumbunan mutane sun yi ƙasa. A bakin garin akwai wata mata, sunanta Gwamma, da mijinta Shekarau. Abin da suka mallaka ɗan gero ne a gindin rumbu, sai akuya guda da suke tatsa.

Wata safiya Gwamma ta leƙa rumbu, ta daɗe tana kallo. Sai ta ce, "Maigida, in muka ci gaba da tuƙa tuwo yadda muka saba, geron nan ba zai kai mu kaka ba."

Shekarau ya ce, "To, yaya za mu yi?"

Ta ce, "Kai dai ka riƙe fartanyarka. Ka bar ni da tukunya."

Sai ta riƙa ɗibar gero cikin tafin hannu, ta ɓarza shi ya zama tsaki. Sai ta zaga bayan gida ta tsinko zogale da rama da tafasa. Yau ta yi fate, gobe dambu, jibi kwaɗo da ɗan ƙuli-ƙuli. Ganye ya fi hatsi yawa, amma daddawa da barkono suna rufa asiri. Dusa da ƙasari kuma ba ta zubarwa, na akuya ne. Akuya ta sha, ta ba su nono.

Shekarau mutum ne mai barkwanci. In ya dawo gona suka zauna gaban akushi, sai ya ce, "Gwamma, miƙo mini cinyar ragon nan." Sai ta danƙo masa zogale. In ya tauna ƙuli ya ji ƙararsa a haƙori, sai ya ce, "Ashe yau har da guringuntsi." Su yi ta dariya, su ci su sha ruwa, su gode wa Allah.

Ana nan, ran nan Kurege yana wucewa ta bayan danga, sai ya ji ana zancen cinyar rago. Yawunsa ya tsinke. Ya yi sallama, aka amsa, Gwamma ta zuba masa kwaɗo a ƙoƙo. Ya tona dama, ya tona hagu, ganye kawai. Ya ce a ransa, "Rowa za su yi mini ke nan." Ya tashi ko godiya babu, bai zame ko'ina ba sai ramin Kura.

Kura kuwa yunwar shekarar ta tsotse ta, haƙarƙarinta duk a waje.

Kurege ya ce, "Yaya Kura, kina nan kina ramewa, gidan Gwamma kullum rago ake ci. Da kunnena na ji."

Da la'asar sai ga Kura a ƙofar gida. Gwamma ta shimfiɗa mata tabarma.

Kura ta ce, "Ina naman?"

Gwamma ta ce, "Wane nama a shekarar nan? Dambu ne, bismilla."

Kura ta shinshina, ta ture kwanon. Ta ce, "Kin ɓoye. Zan dawo gobe." Tana fita tana waiwayen akuya a turke.

Kashegari ta dawo. Ta buɗe tukunya, fate. Ta cusa kai a rumbu, ɗan gero. Ta leƙa ƙarƙashin gado, ƙwarya da faifai. Sai ta ce, "Gobe ne ƙarshe. In ban ci cinyar rago ba, zan ci ta akuya."

Da ta tafi, Akuya ta fashe da kuka. Ta ce, "Uwar ɗakina, kwance ni in gudu."

Shekarau ya ce, "In kin gudu ma dajin nata ne. Bari in tare ta da sanda."

Gwamma ta ce, "Maigida, in ta karya ka wa zai yi mana noma? In akuya ta tafi kuma nono ya tafi, ba za mu ga kaka ba. Ka je gonarka gobe, ka dawo da azahar, ka yi maganarka yadda ka saba."

Gari na wayewa Kura ta iso. Gwamma ta ɗauki kwando ta ce, "Yaya Kura, tunda kin matsa, yau za ki ga naman gidan nan da idonki. Amma mai cin sa shi ke nemo shi. Biyo ni."

Suka shiga daji. Gwamma ta sa ta jijjiga reshen zogale, ta tsinko rama, ta cika kwando. Kura ta ce, "Ina naman?"

Gwamma ta ce, "Yana gaba."

Suka yi itace, Kura ta ɗauko dami a baya. Suka biya rafi, ta ɗauko tulu. Ta ce, "Ina naman?"

"Yana gaba."

Suka dawo gida. Gwamma ta miƙa mata taɓarya, ta daka ƙuli da barkono har atishawa ta kama ta. Ta hura wuta, hayaƙi ya sa ta hawaye. Rana ta take, yunwa ta addabi Kura. Ƙamshin daddawa ya cika gidan. Ta ce da ƙyar, "Ina naman?"

Gwamma ta ce, "Ya kusa. Ga maigida nan."

Shekarau ya shigo, ya jingine fartanya, ya wanke hannu. Aka ajiye akushi a tsakiya. Kura ta zuba ido ko ƙiftawa ba ta yi. Shekarau ya gyara zama ya ce, "Gwamma, miƙo mini cinyar ragon nan."

Gwamma ta danƙo zogale ta sa masa a gaba. Ya tauna ƙuli ya ce, "Ga guringuntsi kuma."

Akuya ta laɓe bayan turke.

Kura ta ce, "Wannan ce cinyar?"

Shekarau ya ce, "Ita ce. Tun farkon damina ita muke ci."

Kura ta dubi zogalen da ta jijjigo da kanta, ta dubi ƙulin da ta daka. Sai dariya ta kuɓuce mata. Ta yi ta yi har ta kwanta a ƙasa. Da ta tashi ta ce, "Ni ma a miƙo mini tawa cinyar."

Aka zuba mata. Ta ci, ta nemi ƙari, ta lashe akushi. Sai Gwamma ta kawo kunu da nono a kai. Kura ta kurɓa, ta lumshe ido, ta ce, "Wannan fa daga ina?"

Akuya ta leƙo ta ce, "Daga gare ni. In kin cinye ni yau, gobe babu."

Kura ta lashi baki ta ce, "Zauna abinki, ƙanwata. A dai riƙa ajiye mini ludayi guda."

Tun daga ranar Kura ta zama 'yar gida. Can cikin ƙungurmin daji, inda mutane ke tsoron shiga, ta riƙa kawo ganyen kuka da ɗinya. Kurege ma da kunya ta sake shi ya dawo yana sunkuyar da kai. Gwamma ba ta yi masa faɗa ba, ta ce ya tono musu aya tunda ya iya tono. Bakuna sun ƙaru, amma abin sawa a tukunya ya fi su ƙaruwa.

A haka har gero ya fid da kai ya nuna. Ranar da Shekarau ya karyo zangarniyar farko, Gwamma ta gasa tumu, aka murza, kowa ya sami cikin hannu. Suka zauna a inuwa suna tauna a hankali, babu mai gaggawa.

Kun ji, yara. Kaɗan yana isa in an iya sarrafa shi, an kuma ci shi da sakin fuska. Wanda ya raina abin da ke bayan gidansa shi ke kwana da yunwa.

Ƙurunƙus, ta ƙare a nan. Mai jin yunwa ya tashi ya tsinko mana zogale.