Ƙwarin Gwaggo Tasalla

Ke Lantana, tsaya ki sha labari! Ƙananan ƙwarin nan masu cin tumatir sun gama da gonar Dagaci. Babba da shi, wai sai ya kira Gwaggo Tasalla, maƙwabciyar gonarsa: "Daga wajenki suka shigo. Ki kwashe abinki kafin gobe, ko in ƙwace gonarki!"

Gwaggo ta durƙusa. "Ranka ya daɗe, in akuya ta yi ɓarna, yaya ake yi?"

Ya hura hanci. "Mai gona ya kamo ta ya ɗaure, mai ita ya zo ya karɓa."

"To madalla. A kamo su a ɗaure, in zo in ware nawa."

Wallahi ko tari bai ƙara ba! Gwaggo tana gonarta yanzu haka.