Kabbara Biyu a Masallacin Tudun Ƙaya

Ku ajiye gyaɗar nan tukuna, yau sai kun raba mini wata gardama.

A Tudun Ƙaya aka rushe tsohon masallacin ƙasa, aka gina na siminti, tayil har bango, kwano a sama. Kyau kam ba a magana. Amma tun ranar da aka buɗe shi salla ta rikice. Liman Hambali zai yi kabbara ɗaya, sahun baya su ji biyu. Shi yana sujada, su sun ɗauka ya ɗago, sun zauna suna rarraba ido. A idar da salla, wannan na ba'adi, wancan na tambayar raka'a nawa aka yi.

Wasu suka ce aljani ke amsawa. Mafi yawa suka ce tsufa ne ya kama Malam, yana maimaita kabbara bai sani ba. Dattawa suka yanke cewa ya sauka daga limanci kafin Juma'a. Abin tausayi, har shi kansa ya fara shakkar bakinsa. A gida sai ya yi sallama, ya tambayi iyalinsa ko sau biyu ya faɗa.

To, akwai maƙwabtansa uku.

Tanimu makaɗin kalangu ne, kunnensa kuwa ba ya ƙarya. Ya shiga masallacin ba kowa, ya tafa sau ɗaya, ya ji biyu. Ya jawo dattawa, ya sake tafawa a gabansu, ya ce, "Allah ya gafarta muku, hannuna ma tsufan ne ya kama shi?" Suka yarda a bar Malam ya ja Juma'a ɗaya a gani. Amma da aka tambaye shi daga ina sautin ke dawowa, sai ya nuna gabas, ya nuna yamma, ya ƙare da sosa ƙeya.

Sagiru yana aiki a gidan rediyo. Ya zo da makirufo da kwamfuta, ya tsaya inda liman ke tsayawa ya fasa balan-balan, na'ura ta auna jinkirin da ƙarar ta yi kafin ta dawo. Ta nuna bangon yamma ne babban mai laifi. Sannan ya zauna a sahun baya, ya sa ana jan madubi a jikin bango, duk inda ya hango lasifikar liman a ciki ya sa a shafa gawayi, don ta nan sauti ke dawowa. Masu leƙe ta taga suka watsa gari cewa ana neman aljani da madubi. Ya gano wuraren sarai, sai dai soson da ake liƙawa a ɗakin rediyo don ya shanye sauti babu shi ko a birni.

Gambo mai katifa ne, kuma har yau bai fahimci zancen ba. Da Sagiru ya ce masa bango na buƙatar abu mai laushi, tambayarsa ɗaya, wai bangon ne zai kwanta? Duk da haka ya cusa audugar rimi a buhuna, ya lulluɓe su da tabarmi, ya rataye kan kowane tabon gawayi, har allura ta huda masa yatsu. Sagiru ya sake fasa balan-balan, layin da ke nuna amsa-kuwwa a kwamfuta ya kwanta.

Ran Juma'a Malam ya yi kabbara. Ɗaya aka ji. Gaba da baya aka yi sujada tare, aka ɗago tare. Wallahi da ya sallame bai iya juyowa ba don hawaye.

Yana da buzun salla da ya gada wurin mahaifinsa, ya ce zai ba wanda ya tsare masa mutunci. Buzu kuwa ba a yanka shi uku. Ba don Tanimu ba, da an sauke Malam tun kafin a auna komai. Ba don Sagiru ba, da Gambo bai san inda zai rataya ba. Ba don Gambo ba, da gawayi kawai aka ɓata bango da shi. Malam ya miƙa wa wannan, ya janye, ya miƙa wa wancan, ya janye.

To, ku da kuke ta dariya, wa za a shimfiɗa wa buzun nan: mai kunne, mai awo, ko mai allura?