Goro Ashirin a Bakin Rijiya

Ga ta nan, ga ta nanku, 'yan jikalle.

Ta zo mu ji ta, Kaka!

Wata shekara aka yi fari, rafuka suka ƙafe ƙaf, sai rijiyar tsoho Kunkuru kaɗai ke da ruwa. Shi kuwa tsohon nan akwai son wasa da hankalin mutane. Ya ajiye goro ashirin da faifai, ya ce, "Duk mai son ruwa ya jera mini goro, yawan layuka daidai da yawan goron kowane layi."

Gizo ya zo da rawar kai. Ya jera huɗu-huɗu layi huɗu, huɗu suka yi saura. Ya yi wuf ya cusa su a kumatu.

"Gizo, me ya kumbura maka baki?"

"Haƙoyi ne ke ciwo."

Aka kore shi.

Kashegari ya dawo, ya ɓare kowane goro biyu, suka zama arba'in. Ya jera shida-shida layi shida. Huɗun nan dai suna nan suna kallonsa. Aka kore shi.

Rana ta uku aka ajiye wani goron ashirin, ya ƙaro jajayen tsakuwa biyar, ya jera biyar-biyar layi biyar. Kunkuru ya ɗauki ɗaya ya kai baki, ji kake ƙwas. Ranar Gizo ya ci na jaki. Ke Lantana, dariyar ta isa, kar ki ƙware.

To, ga Bushiya, 'ya'yanta uku kwance, ko kuka ba sa iya yi don ƙishi. Wallahi abin tausayi. Ta zo ta durƙusa.

"Baba, ban gane ba. Dole ne a jera duka ashirin ɗin, ko ana iya barin saura?"

Kunkuru ya yi murmushi. "Yaushe na ce duka? Ke ce ta farko da ta tambaye ni."

Ta jera huɗu-huɗu layi huɗu, ta miƙa masa sauran da hannu biyu. Ya buɗe rijiya. Ta cika tulu ta ruga gida, yaran suka sha har suka tashi zaune. Ta dawo tana hawaye.

"Baba, na gode. Allah Ya saka da alheri, ka ceci 'ya'yana."

"Bakinki ne ya cece su, 'yata."

Kun ji ko? In magana ta shige muku duhu, kar ku ji kunya, ku tambayi mai ita abin da yake nufi.

Iyakarta ke nan, ƙungurus kan kusu.