Notin Hodi Huɗu

Akwai wani mai walda a Argungu, ana ce masa Tamba, tun zamanin da ƙasar Kabi ke cikin Jihar Sakkwato. Hannunsa na da albarka, amma zuciyarsa cike take da zargi. Ko gaishe shi ka yi da fara'a, sai ya wuni yana tunanin abin da kake nema a wurinsa.

Shekara biyu ya yi yana haɗa mota da hannunsa, da injin wata tsohuwar Fijo da ƙarafan da ya tsinto, don ɗauko shinkafa daga fadamar Gulma. Motar ba ta da rufi, hanyar kuma duk gangare ce. Saboda haka ya lanƙwasa bututun ƙarfe mai kauri, ya yi mata baka a saman kujeru, yadda ko ta kife ba za ta danne shi ba. Bakan na da ƙafa biyu, kowace ƙafa noti huɗu za su riƙe ta a jikin motar. Ransa kenan a kan noti takwas.

Ya tafi Birnin Kebbi wajen Hodi, wani dattijo mai sayar da kayan mota. Idonsa ya faɗa kan wasu notuna masu ƙyalli kamar sabuwar tasa, ya ce a ba shi takwas.

Hodi ya girgiza kai. "Malam Tamba, waɗanga kyan ɗan maciji na. In motar fadama ka haɗawa, damina ɗaya tsatsa ta cinye su."

Ya jawo wata gwangwani, ya zazzago wasu masu launin toka, ba kyan gani. "Waɗanga an yi musu wankan tutiya, ruwa ba ya cin su. Dubi lambar da ag ga kansu, ƙarfe na mai tauri. Kuma sun hi araha."

Nan Tamba ya tsuke fuska. Ɗan kasuwa ya hana ka mai tsada, ya tura maka mai araha? Ruwa ba ya tsami banza. Sai ya tuna surukin Hodi na da a-kori-kura da ke jigilar shinkafa a wannan hanyar ta Gulma. Shi ke nan, ya gano bakin zaren: so suke motarsa ta watse tun ba ta fara aiki ba.

"Baba Hodi, ka ba ni abin da nic ce."

"Huɗu sunka rage," in ji Hodi. "Kuma don Allah kak ka sa su inda rai ya rataya."

Tamba ya zagaye kasuwa bai sami irin girmansu ba. Dole ya dawo ya cika da masu tokar guda huɗu, yana karɓa yana hararar dattijon.

Da ya koma gida sai ya yi dabarar da yake ganin ta fi ta kowa. Masu ƙyallin ya ɗaure su a ɓangaren direba, inda shi yake zama. Na Hodi ya tura su ɗaya ɓangaren, wajen da yake jibge buhuna. Matarsa Ma'u ta ce, "Ni dai da ka ji maganar tsoho, ya daɗe cikin ƙarhe."

"Ke ma sun saye ki?" ya ce.

Ta juya ta koma ɗaki.

Damina ta zo ta wuce, motar na kutsa ruwa da laka kullum. Jan ruwa ya fara zubowa daga ƙasan ƙafar bakan ta ɓangarensa. Tamba ya gani, amma ya ce jar ƙasa ce, ko kuma wani ne ya watsa masa wani abu don hassada. Kan notin na nan da sauran ƙyallinsa, bai taɓa kwance ko ɗaya ya duba cikinsa ba.

Ranar wata Laraba da hantsi, ya ɗauko buhu shida daga Gulma. Yana hawa gangare gefen hanya ya zabtare, motar ta kife. Notunan ɓangarensa suka karye lokaci guda kamar busasshen kara, bakan ya durƙusa ya daki kafaɗarsa. Amma ɗaya ƙafar ba ta motsa ba. Ita ta tokare motar, ta bar tazarar da ba ta fi taƙi ɗaya ba tsakanin ƙarfe da ƙirjinsa, har manoma suka rugo suka jawo shi.

Bayan mai ɗori ya sallame shi, ya kwance notin Hodi ɗaya ya duba. Fes yake, ko ɗigon tsatsa babu. Ya zauna a ƙasa ya yi kuka, don kunya ta fi karayar zafi.

Ya tafi Birnin Kebbi da hannu a rataye, ya ajiye guntayen ruɓaɓɓun notin a gaban Hodi, ya kasa ɗaga ido.

Dattijon ya juya su a tafin hannunsa. "Nau huɗun hwa, ina kas sa su?"

"Wajen buhuna, Baba."

Hodi ya dube shi. "To, Allah ya kyauta. Shinkafa kab ba notin kirki, ita kuma ta ara maka su."

Darasi: Taka-tsantsan daban, mugun zato daban. Wanda ya hana ka abin da idonka ke so, ba lallai maƙiyinka ba ne. Kafin ka zargi mai ba ka shawara, gwada maganarsa tukuna, musamman a kan abin da rai ya rataya. Ku tura wa 'yan'uwa, wataƙila akwai mai irin halin Tamba da zai karanta.